Namor: Yadda aka tsamo sarkin teku daga Atlantis aka mayar da shi ɗan ƙabilar Maya

A shekarar 1939, wani matashin mai zane a Amurka mai suna Bill Everett ya zauna yana neman sunan da zai raɗa wa sabon jarumin da ya ƙirƙira, wani yarima da ke zaune a ƙarƙashin teku. Kamar yadda ya faɗa daga baya, ya riƙa rubuta kalmomi masu kwarjini yana karanta su daga ƙarshe zuwa farko, har ya zo kan "Roman", wato mutumin Rum. Da ya juya ta sai ta ba shi Namor.

Shekara 83 bayan haka, waɗanda suka shiga sinima kallon Black Panther: Wakanda Forever suka ji wani labari daban. A cikin fim ɗin, wani fada ɗan Sifaniya ne ya raɗa sunan, kuma da bakin tsinuwa ya raɗa shi. Ya ga wani yaro mai fukafukai a idon sawu ya ƙone gonar 'yan mulkin mallaka a yankin Yukatan na ƙasar Meziko ta yau, sai ya kira shi "el niño sin amor", ma'ana yaron da ba shi da ƙauna. Yaron ya tsinci ƙarshen zagin ya mayar da shi sunansa.

Tsakanin waɗannan labarai biyu akwai ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen da kamfanin Marvel ya taɓa yi wa wani jaruminsa. Ba launin fatar ɗan wasa kawai aka canza ba. An canza masa ƙasa, da harshe, da kakanni, da abin bautar mutanensa, da dalilin fushinsa. Har yau ana gardama a kai, kuma gardamar ta wuce batun nishaɗi, domin ta taɓo tsohuwar tambaya ta wa ke da ikon ba da labarin wata al'umma. Ga wanda bai kalli fim ɗin ba, a sani cewa za a tona wasu abubuwan da suka faru a ciki.

Wane ne Namor tun asali?

Namor na cikin tsofaffin jaruman littattafan zane, wato littattafan da ake ba da labari da hotunan da aka zana da hannu ana sa magana a bakin mutanen ciki. Ya fito a Marvel Comics na farko a watan Oktoban 1939, shekara ɗaya bayan Superman, lokacin kamfanin na amsa sunan Timely. Ya girmi Spider-Man da Iron Man da shi kansa Black Panther da fiye da shekara 20.

A labarin Everett, mahaifinsa Ba'amurke ne, Leonard McKenzie, kyaftin ɗin wani jirgin ruwa mai suna Oracle da ya je yankin ƙanƙara na Antatika. Mutanen jirgin suna fasa ƙanƙara da nakiya, ba su san cewa akwai birni a ƙasa da suke rugurguzawa ba. Sarkin birnin ya tura 'yarsa, Gimbiya Fen, ta je ta leƙo asirinsu. Ta je, ta kamu da son kyaftin ɗin, ta dawo da cikin Namor. Daga baya marubuta suka tabbatar wa masarautar sunan Atlantis.

Tun ran farko ba mutumin kirki ba ne irin Superman. Mai girman kai ne, mai saurin hasala, ya taɓa tura igiyar ruwa ta mamaye birnin New York. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi sai ya koma yaƙar 'yan Nazi tare da Captain America. Ya ɓace na wasu shekaru, sai Stan Lee da Jack Kirby suka dawo da shi a 1962 cikin Fantastic Four, yau aboki, gobe abokin gaba.

Akwai abin da masu cewa an ɓata musu jarumi kan manta. Labarin farko na 1939 bai ɓoye waɗanda Namor ke yaƙa ba: ya ambaci farar fata ƙarara a matsayin abokan gabar mutanensa, waɗanda suka zo daga nesa da jiragensu suka hallaka su. Ashe tun asali labarin ɗan ƙasa ne da baƙi suka yi wa ɓarna. Abin da babu shi ne takamaiman wuri a taswira da takamaiman tarihi.

Rigimarsa da Wakanda ma ba fim ne ya ƙirƙire ta ba. A jerin Avengers vs. X-Men na 2012, Namor ya yi wa Wakanda ambaliya, kuma Shuri ce ke kan karaga lokacin da aka kai wa Atlantis harin ramuwa.

Me ya sa aka sauya?

Dalili na farko na kasuwa ne, babu amfanin a ɓoye. Kamfanin DC, babban kishiyar Marvel, yana da nasa sarkin Atlantis, Aquaman, wanda ya fito a 1941, shekara biyu bayan Namor. To amma a sinima ƙanen ne ya riga wan. Fim ɗin Aquaman na 2018, wanda Jason Momoa ya ja, ya tara fiye da dala biliyan ɗaya. Da Marvel ta zo bayan shekara huɗu da wani sarkin Atlantis riƙe da mashi, da yawancin masu kallo sun ce kwaikwayo ne, alhali nata ne na farko.

Dalili na biyu shi ne darakta Ryan Coogler da irin fim ɗin da yake son yi. Black Panther na 2018 ya tara fiye da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku, kuma sirrinsa shi ne Wakanda ba ta tsaya a iska ba. An gina ta da abubuwan da ɗan Afirka zai gane: harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, da bargunan mutanen Lesotho, da hular matan Zulu a kan Sarauniya Ramonda, da rawani da shuni irin na Abzinawa, da rubutu mai kama da Nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya. Ajiye Atlantis mai ginshiƙan Girkawa kusa da wannan zai zama kamar an jingina kwali da ginin dutse. Coogler ya faɗa a hirarraki cewa an sha nuna Atlantis irin ta Girkawa, su kuma suna neman wani abu daban.

Sai kuma mutuwa ta shigo. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Sarki T'Challa, ya rasu ranar 28 ga Agustan 2020 yana da shekara 43, bayan fama da sankarar hanji da ya ɓoye wa kusan kowa. Aka sake rubuta labarin ya koma na makoki. Shuri ta rasa wanta, tana ƙoƙarin ƙone duniya don baƙin ciki. Irin wannan labari na buƙatar abokin karawar da shi ma ya yi rashi, wanda zai zauna da ita ya ce na san abin da kike ji, kuma mai kallo ya yarda da shi.

Shekarar 1571

Ga asalin da fim ɗin ya ba shi. A Yukatan, a 1571, cutar agana da Sifaniyawa suka kawo tana ƙarar da wani ƙauyen Maya. Bokan ƙauyen ya roƙi Chaac, abin bautarsu na ruwan sama, aka nuna masa wani tsiro da ya fito a kan ƙarfen vibranium a cikin ruwa, wato ƙarfen nan na almara da ya azurta Wakanda. Suka jiƙa suka sha. Suka warke, amma suka daina iya shaƙar iska, dole suka koma teku suka kafa birnin Talokan.

Mahaifiyar Namor tana da cikinsa lokacin da ta sha. Aka haife shi daban da kowa: kunnuwa masu tsini, fukafukai a idon sawu, yana rayuwa a ruwa da tudu, tsufa kuma ba ya kama shi da wuri. Mutanensa suka kira shi K'uk'ulkan, maciji mai gashin tsuntsu. Da uwar ta tsufa ta rasu, ya kai gawarta ƙasar haihuwarta don cika mata wasiyya, sai ya tarar an mayar da danginsu bayi ana dukansu da bulala. A nan ya cinna wuta, a nan fadan ya tsine masa.

Tsiron da ƙarfen ƙirƙira ne, amma sauran tarihi ne. Agana ta shiga Meziko a 1520, ta kashe ɗimbin jama'a kafin birnin Tenochtitlan na Aztek ya faɗa hannun Hernán Cortés a 1521. A Yukatan, Sifaniyawa sun kafa birnin Mérida a 1542 a kan kufan wani birnin Maya, da duwatsun gine-ginensa. Maya ba su miƙa wuya da sauƙi ba: birninsu na ƙarshe mai cin gashin kansa, Nojpetén, a Gwatamala ta yau, sai a 1697 ya faɗi.

Shekara tara kafin shekarar da fim ɗin ya zaɓa, a watan Yulin 1562, wani fada mai suna Diego de Landa ya tara littattafan Maya a garin Maní ya cinna musu wuta, yana cewa babu komai a cikinsu sai ƙaryar Shaiɗan. Shi da kansa ya rubuta cewa mutanen sun yi baƙin ciki matuƙa, kuma abin ya ba shi mamaki. Mutane ne masu rubutunsu, masu kalanda, waɗanda suka san sifili a lissafi, suna ƙididdige tafiyar tauraruwar Zahra da kusufin rana. A yau littattafansu huɗu kacal suka rage a duniya, uku daga ciki ma suna Turai, ana kiran su da sunayen biranen da ke riƙe da su: Dresden da Madrid da Paris. Duk wanda ya san darajar tsofaffin rubuce-rubucen Timbuktu zai fahimci girman wannan asara.

Shi ma K'uk'ulkan ba Marvel ce ta ƙago shi ba. Babbar dalar da ke Chichén Itzá domin shi aka gina ta, kuma sau biyu a shekara, a Maris da Satumba, inuwar yamma kan sauko ta gefen matakalarta kamar maciji na gangarowa. Dubban mutane ke zuwa kallo.

Atlantis, tsohon makamin ƙwace

A nan ne sauyin ya fi ma'ana, ko masu fim ɗin sun yi niyyar haka ko ba su yi ba.

Atlantis ba ta taɓa wanzuwa ba. Masanin falsafar Girka, Aflatun, shi ya kawo labarinta kusan shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a matsayin misalin ƙasaitacciyar daula da girman kai ya kai ta ga nutsewa. Sai dai a ƙarni na 19, da Turawa suka fara kutsawa dazuzzukan Amurka ta Tsakiya suna cin karo da dalolin Maya, wasunsu suka kasa yarda cewa kakannin talakawan da ke ɗaukar musu kaya ne suka gina su. Dole wasu ne daga wani wuri. Sai aka tono Atlantis.

Wani fada Bafaranshe, Brasseur de Bourbourg, ya yi wa ɗaya daga cikin littattafan Maya da suka tsira gurguwar fassara, ya ce labarin nutsewar wata nahiya ne. A 1882 wani ɗan siyasar Amurka, Ignatius Donnelly, ya wallafa littafi sukutum yana cewa wayewar Maya da ta Masar duk daga Atlantis suka samo tushe. Littafin ya yi kasuwa sosai, kuma har yau ana jin amonsa a shirye-shiryen talabijin da bidiyoyin YouTube da ke neman wanda ya gina dalolin, kowa ma ya zama, in dai ba masu ƙasar ba.

Najeriya ta ɗanɗana wannan. A 1910 wani Bajamushe mai binciken al'adu, Leo Frobenius, ya isa Ile-Ife, aka nuna masa wani kan mutum na ƙarfe da ake dangantawa da Olokun, abin bautar teku na Yarbawa. Kyan aikin ya girgiza shi. Maimakon ya ce Yarbawa gwanaye ne, sai ya shelanta wa duniya cewa ya gano ɓurɓushin Atlantis a Afirka, ya ce Olokun shi ne Poseidon na Girkawa. Jaridun Amurka suka buga. Wole Soyinka ya tuna da wannan mutum a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1986. Haka aka yi wa ganuwar dutse ta Great Zimbabwe, aka ce aikin baƙi ne daga Gabas ta Tsakiya.

To, fiye da shekara ɗari ana ɗaukar aikin Maya ana ba Atlantis. A 2022 sai aka ɗauki sarkin Atlantis aka ba Maya. A ganina wannan kaɗai ya isa a saurari fim ɗin da kunnen basira, ko da mutum bai damu da jarumai masu tashi sama ba.

Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin

Masu shirya fim ɗin sun nemi masana. Farfesa Gerardo Aldana na Jami'ar California da ke Santa Barbara, wanda ya ƙware kan ilimin taurari da rubutun Maya, ya ba da shawara. Mutanen Talokan suna magana da harshen Maya na Yukatan, harshe mai rai da kusan mutum dubu 800 ke yi, na biyu a yawan masu magana cikin harsunan 'yan asalin Meziko bayan Nahuatl. Josué Maychi, ɗan wasa Bamaye da ya fito a matsayin bokan, shi ne ya koya wa sauran 'yan wasa furuci. María Mercedes Coroy, 'yar Maya daga Gwatamala, ita ta fito a mahaifiyar Namor.

Ruth E. Carter ta yi suturar da koren dutsen nan mai daraja da Maya suka fifita a kan zinariya, da gashin tsuntsaye, da ƙasusuwan kifi. Da wannan aiki ta sake cin Oscar a Maris na 2023, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar sau biyu. Akwai wurin da Namor ke zagayawa da Shuri cikin birnin, ana ganin mutane na buga tsohuwar ƙwallon nan da ake bugawa da ƙugu a zura a zobe, a ƙarƙashin ruwa. Ludwig Göransson ya ɗauki kiɗan a birnin Meziko da kuma Legas, shi ya sa a faifai ɗaya ake jin Tems da Burna Boy da Rema da Fireboy DML tare da mawaƙan gambara na Yukatan irin su Pat Boy da ke rera waƙa da harshen Maya. A Legas ɗin aka yi bikin fara nuna fim ɗin na Afirka a farkon Nuwamban 2022, 'yan kwanaki kafin a sake shi ranar 11 ga wata.

Shi kuwa Namor, Tenoch Huerta aka ba. An haife shi a 1981 a Ecatepec, wani yanki na talakawa a gefen birnin Meziko, kuma ya ce bai iya iyo ba sai da aka ba shi aikin. Zaɓensa ya yi nauyi a ƙasarsa saboda wani dalili da ɗan Afirka zai gane nan take. Yawancin 'yan Meziko masu duhun fata ne, amma wanda ya kalli wasannin kwaikwayonsu na talabijin zai rantse ƙasar Turawa ce. Farare ne masu gida da masoya, masu duhun fata su ne 'yan aiki da ɓarayi. Da Yalitza Aparicio, 'yar asalin yankin Oaxaca, ta shiga takarar Oscar a 2019 da fim ɗin Roma, an ji wani tsohon ɗan wasan ƙasar a bidiyo yana zaginta da asalinta. Huerta ya daɗe yana yaƙi da wannan, har ya rubuta littafi a kai a 2022. Sai ga shi a allunan talla na duniya a matsayin sarki, da dutse a hanci da kunnuwa.

Inda aka yi ƙorafi

Ƙorafi na farko daga tsofaffin masu karanta littattafan ya fito: me zai hana a ƙirƙiri sabon jarumi a bar mana namu? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an taɓa yin hakan ya yi kyau, kamar Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da Marvel ta ba littafinta na kanta a 2014. Sai dai Namor na fim bai rasa halinsa ba. Girman kan na nan, fushin na nan, son mutanensa da ke sa shi aikata ta'asa na nan, har fukafukan da mutane suka zata za a cire don kada a yi dariya. Abin da ya ƙaru shi ne dalili. Idan aka zare tarihin Yukatan daga fim ɗin, labarin zai rushe, domin ba za a gane abin da ya sa yake son ya far wa duniya tun kafin ta gano shi ba. Ya taɓa ganin abin da ke faruwa idan baƙi suka gano kana da abin da suke so.

A kwatanta da Doctor Strange na 2016. A littafi, malamin jarumin tsoho ne ɗan Tibet. A fim sai aka ba Tilda Swinton, Baturiya, aka ce ai wannan 'yar asalin Turai ce. Ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin ya fito ya ce ambaton Tibet na iya jawo fushin China da asarar kasuwarta. Sauyin bai ƙara wa labarin komai ba, gudun matsala kawai aka yi. A 2021 shugaban sashen finafinan Marvel, Kevin Feige, ya amsa cewa sun yi kuskure. Wani lokacin kuma sauyin wankin datti ne. A littattafan 1973, mahaifin Shang-Chi shi ne Fu Manchu, tsohon hoton ƙiyayya ga mutanen China, sai fim ɗin 2021 ya maye gurbinsa da Wenwu, wanda Tony Leung ya taka. Shi ma M'Baku na Wakanda, a littafi laƙabinsa na nufin mutum-biri, aka jefar da laƙabin.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma daga Meziko da Gwatamala ya fito. Sunan Talokan daga Tlalocan aka samo shi, aljannar Tlaloc, abin bautar ruwan sama na Aztek. Aztek kuwa ba Maya ba ne. Harshensu daban, ƙasarsu tana da nisan fiye da kilomita dubu daga Yukatan. Huerta da kansa ba Bamaye ba ne, ya ce kakanninsa Nahua da Purépecha ne, kuma ba ya kiran kansa ɗan ƙabilar asali tunda ba a cikin al'adar ya tashi ba. Mabel Cadena da ta fito a Namora 'yar Meziko ce, Alex Livinalli da ya fito a Attuma ɗan Benezuwela ne. Manyan guraben uku ba su je hannun Maya ba. Irin wannan gwamutsa aka yi wa Wakanda, amma ita ƙasar almara ce da ba ta ari sunan kowa ba. A nan an kira Yukatan, an kira shekara.

Akwai kuma haɗarin a bar mai kallo da tunanin cewa Maya mutanen da ne, waɗanda ko dai sun ƙare ko sun nutse. Alhali miliyoyinsu na raye a Meziko da Gwatamala da Belize. Sun yi tawaye a Yukatan daga 1847 har zuwa 1901. A yaƙin basasar Gwatamala na 1960 zuwa 1996, inda aka kashe ko aka ɓatar da mutum kusan dubu 200, hukumar binciken gaskiya ta gano cewa kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance Maya ne. Rigoberta Menchú, wadda ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, 'yar Maya ce. A fim ɗin, rabon Maya na yau bai wuce 'yan mintunan da Nakia ta je wani ƙauye tana tambayar wata dattijuwa labarin mutumin teku ba.

Mai kallo daga arewacin Najeriya ya san wannan ciwon. A Black Panther na farko, an nuna yankin sau ɗaya: dare ne a dajin Sambisa, 'yan bindiga sun ɗebo mata a motoci, ɗayansu yana rantsuwa da "Wallahi" zai harbe wata. Abin da aka nuna ya faru a zahiri, babu mai musu. Amma shi ke nan abin da fim ɗin da aka yi wa kirari da bikin Afirka ya gani a yankin baki ɗaya. Shiga babban fim abu ne, yadda aka shigar da kai wani abu ne.

Wa ya ci ribar faɗan?

Ƙorafi na uku shi ne wanda na kasa kawar da kai daga gare shi. Tushen rikicin fim ɗin shi ne manyan ƙasashe na farautar vibranium. Amurka ce ta kai na'urar gano shi cikin Tekun Atlantika, wadda wata ɗaliba, Riri Williams, ta ƙera ba tare da ta san inda za a kai ta ba. Shugabar hukumar leƙen asirin Amurka a fim ɗin ta faɗa da bakinta cewa burinta ƙasarta kaɗai ta mallaki ƙarfen. Amma wa ya mutu? 'Yan Wakanda da 'yan Talokan. Namor ya yi wa babban birnin Wakanda ambaliya, Sarauniya Ramonda ta nutse, aka gwabza a tsakiyar teku, waɗanda suka kunna wutar kuwa ko ƙwarzane.

Wasu na ganin wannan tsoro ne irin na kamfanin Disney, mai Marvel, wanda ba zai bari a ga jarumansa sun juya makami kan Amurka ba. Wasu kuma na cewa ai haka tarihin yake, Cortés ma bai ci Tenochtitlan ba sai da dubban mayaƙan Tlaxcala, maƙwabtan Aztek. Duka biyun na da ƙamshin gaskiya. Fim ɗin ya ƙare da sulhu: Shuri ta ɗora masa mashi a wuya ta fasa, ya miƙa wuya, ta yi alƙawarin rufa asirin Talokan. Shi kuma ya koma gida yana gaya wa Namora cewa wata rana duniya za ta taso wa Wakanda, kuma a ranar ba ta da wurin zuwa sai wurinsu.

Duk da wannan taka-tsantsan, akwai gwamnatin da ta ji zafi. A farkon fim ɗin an nuna sojojin haya masu magana da Faransanci sun kai hari wata cibiyar Wakanda a Ansongo, garin da ke arewacin Mali a kan hanyar zuwa iyakar Nijar, don satar vibranium. Aka kama su, Ramonda ta sa aka shigo da su a ɗaure zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a gaban wakiliyar Faransa. A Fabrairun 2023 ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito ya yi tir da wannan, ya ce ƙarya ce da yaudara, yana tuna sojojin ƙasarsa 58 da suka mutu a yankin. Watanni shida kafin nan ne sojojin Faransa na ƙarshe suka fice daga Mali.

Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 860, ƙasa da na farko. Shi kuwa Namor, duk da sabuwar ƙasa da sabon harshe, har yanzu bai mallaki kansa ba. Tun shekarun da Marvel ke cikin matsin kuɗi tana sayar da haƙƙin jarumanta, nasa ya faɗa hannun kamfanin Universal, kuma furodusa Nate Moore ya tabbatar a 2022 cewa ba za su iya yi masa fim nasa na kansa ba, sai dai ya riƙa fitowa a na wasu. A Maris na 2025 aka sanar da sunan Huerta cikin 'yan wasan Avengers: Doomsday, tare da wasu jarumai fiye da 20.